Mangolawa: Daular Da Aka Kafa A Bayan Doki

In kun buɗe taswirar Asiya, ku duba arewa da ƙasar Sin, za ku ga wani makeken fili wanda ya miƙe yamma har ya kai bakin ƙasar Hangari a Turai. Ba kurmi ba ne, ba kuma hamada sosai ba. Ciyawa ce iyakar ganin ido, ruwan sama kaɗan, sanyi kuwa ba a magana. Noma ba ya ci a yawancinsa, saboda haka mutanen wurin makiyaya ne tun fil azal. Daga cikinsu ne Mangolawa suka fito, waɗanda littattafan Larabawa su ke kira Tatar. Abin da mu ke so mu duba yau shi ne, ƙaƙa mutanen da ba su da gona, ba su da birni, suka mallaki ƙasa tun daga tekun Sin har kusa da Misra, kuma me ya tsai da su a inda suka tsaya.

Dukiyar Bamangole dabbobi ne iri biyar: dawaki, da tumaki, da awaki, da shanu, da raƙuma. Ya ci namansu, ya sha nononsu, har na goɗiya, ya yi cuku ya shanya. Ɗakinsa na gashin tumaki ne da aka daddaɓe, a kafa shi yau a naɗe gobe. To, amma ku lura da abin da babu. Babu hatsi, babu tufa sai fata da gashi, ƙarfe kuwa bai wadata ba. Duk waɗannan a hannun mazauna birni su ke. Hanya biyu ce makiyayi zai samu: ko ya saya da dabbobinsa, ko ya ƙwata. Kuma dukiyar dabba ba ta da tabbas. Shekara guda ƙanƙara ta rufe ciyawa, mai garke ya wayi gari ba shi da ko akuya.

Wannan matsala ta girmi Mangolawa da nisa. A shekara ta 200 kafin haihuwar Annabi Isa, waɗansu makiyaya da Sinawa ke kira Shiyunnu suka yi wa Sarkin Sin zobe a wani tudu har kwana bakwai. Da ya kuɓuta sai aka yi sulhu, Sin ta riƙa aika musu da alharini da hatsi da giya kowace shekara, har da 'yar sarki aure. Sinawa suka ce kyauta ce. Mu dai mun san sunan kyautar da a ke bayarwa don kada a ƙone maka gari. Da wannan kaya sarkin makiyaya ya ke riƙe manyansa, gama in ba shi da abin rabawa, kowa sai ya kaɗa garkensa ya yi gaba.

A shekara ta 1206 kabilun Mangoliya suka taru a bakin kogin Onon, suka naɗa wani jarumi mai suna Temujin, suka ba shi laƙabin Jankiz Khan. Dabararsa ta farko ita ce ya rushe tsarin dangi a wajen yaƙi. Ya kasa mayaƙa goma goma, ɗari ɗari, dubu dubu, har runduna ta 10,000, kowane kashi da shugabansa, kuma ba gado ke ba mutum shugabanci ba, sai abin da ya yi a fagen fama. Ya hana kowa tsayawa kwasar ganima sai an gama da abokan gaba, sa'an nan a tara a raba, har a fid da rabon matan waɗanda suka mutu da marayunsu.

Abin mamaki a nan shi ne rundunar ba ta ci masa kuɗi ba. Sarkin birni in zai yi yaƙi, sai ya raba manomi da gonarsa, ya koya masa hawa, ya ciyad da shi, ya tara jakuna da amalanke su bi shi da guzuri. Bamangole kuwa tun yana ɗan yaro ya ke bisa doki, kiwo da farauta su ne makarantarsa. Da hunturu su kan yi wata babbar farauta, mahaya su kewaye daji na tafiyar kwanaki, su yi ta matsowa har namun daji su taru wuri guda, wanda kuwa ya bari dabba ta ɓulle ta wajensa ya sha horo. Yadda su ke yi wa barewa, haka su ke yi wa runduna. Kowane mayaƙi da dawakinsa uku ko huɗu ko fi, in wannan ya gaji ya sauya. Dawakin gajeru ne, ba su da kyaun gani, amma ba su bukatar dawa ko dusa, har ƙanƙara su kan tona da kofato su ci ciyawar da ke ƙasa. Bakansu na itace ne da ƙaho da jijiya, gajere, mai ƙarfi, mutum na sukuwa yana harbi gaba da baya.

Sun ƙware ga gudun ƙarya. A shekara ta 1223 jarumansu biyu, Subutai da Jebe, suka yi ta ja da baya kwana tara, sarakunan Rasha na bin su, har rundunar Rasha ta warwatsu a hanya. A bakin kogin Kalka suka juyo, suka gama da ita.

Kada ku zaci ƙwace kaɗai suka sani. Jankiz Khan yana son fatake ƙwarai. Yaƙin da ya kai shi ƙasashen Musulmi ma a kan ayari ya tashi. A shekara ta 1218 hakimin garin Utrar, na ƙasar Khawarizmu, ya kama ayarin da ya fito daga wajensa, mutum wajen 450, ya karkashe su ya cinye kayan. Aka aika wa Sarki Muhammadu na Khawarizmu da manzanni, shi kuma ya kashe ɗaya ya wulakanta sauran. A 1220 Bukhara, garin Imamu Bukhari, da Samarkandu suka faɗi. Kisan da aka yi a waɗannan birane da na Khurasan ba shi da daɗin faɗi, ba kuwa za mu rufe shi da yabon dabarun yaƙi ba. Amma ko a tsakiyar wannan ta'asa sai a ware maƙera da masaƙa da magina a kora su gabas. Gwanayen Sin da na Farisa su ne suka ƙera musu manyan majaujawa masu rushe ganuwa, abin da doki ba ya iyawa.

Bayan Jankiz Khan ya mutu a 1227, ɗansa Ogodai ya gaje shi. An ce waɗansu fadawansa sun ba shi shawara a kawad da manoman arewacin Sin, a mai da gonakinsu makiyaya. Wani malami mai suna Yelu Cutsai ya nuna masa da lissafi cewa harajin da zai samu daga manoman kowace shekara, na azurfa da alharini da hatsi, ya fi abin da ciyawa za ta ba shi. Ogodai ya bi ta tasa. Ya gina birnin Karakorum a 1235, ya kuma shirya zango zango a kan manyan hanyoyi, da dawaki a ɗaure, manzon sarki ya nuna lambarsa ya sauya doki ya wuce. Amma birnin bai iya ci da kansa ba. Marubucin Farisa Rashiduddin ya ce amalanke 500 na abinci da abin sha ke shiga kowace rana. Watau makiyayi ya ci birni da yaƙi, ga shi kuma cikinsa ya koma hannun manomi.

To, ina aka tsai da su? A 1241 suka ragargaza rundunonin Folan da na Hangari cikin kwana uku, Turai duk ta tsorata, sai kuma a 1242 suka juya. Masana tarihi sun yi saɓani. Waɗansu sun ce mutuwar Ogodai ce ta mai da su, waɗansu sun ce filin Hangari bai isa ya ciyad da dawakinsu ba. Ku yi lissafi da kanku: mayaƙi 50,000, kowa da doki huɗu, dawaki 200,000 ke nan, ban da tumakin guzuri. Runduna irin wannan ba ta zama wuri guda, ba ta kuma shiga inda ba ciyawa.

A 1258 Hulaku, jikan Jankiz Khan, ya ci Bagadaza, ya kashe Halifa Musta'asimu, daular Abbasiyawa ta Bagadaza ta ƙare bayan shekara 500 da 'yan kai. Ya wuce Sham ya ci Halab, Dimashƙu ta miƙa wuya. Sai labarin mutuwar wansa, babban sarki Monke, ya iske shi, ga bazara ta ƙarato, ciyawar Sham da ruwanta ba su isa ba. Ya janye yawancin rundunarsa zuwa makiyayan Azarbaijan, ya bar kaɗan a hannun Kitbuka. A watan Satumba na 1260 rundunar Misra, a ƙarƙashin Sarki Kutuz da Baibaras, ta karya su a Ainu Jalut cikin Falasɗinu. Su wane ne waɗannan mayaƙa na Misra? Mamalik ne, yawancinsu 'ya'yan makiyayan Turkawa da aka sayo suna yara daga wancan fili na ciyawa. Kar ta san kar. Daga baya har ciyawar bakin iyaka su kan sa wa wuta in sun ji Mangolawa na tafe.

A gabas ma haka. Kubilai Khan ya gama cin Sin a 1279, amma sai da ya yi da jiragen ruwa da dakarun Sinawa, domin kudancin ƙasar fadama ce da koguna. Ya aika da jirage Jafan a 1274 da 1281, duka biyu ba nasara, na biyun guguwa ta farfasa su. A kurmin Biyetnam zafi da cuta suka cinye mutane da dawaki. Jikokinsa suka zauna birni suna cin haraji, har Sinawa suka tayar suka kore su a 1368, suka koma filin kakanninsu.

Makiyaya ba su daina tashi ba daga nan, amma bindiga da igwa sun rage wa baka da doki daraja, su kuwa a birni a ke ƙera su. Daular makiyaya ta ƙarshe mai ƙarfi a tsakiyar Asiya ita ce ta Jungar, wadda Sarkin Sin ya murƙushe tsakanin 1755 da 1758.