Sunan Gida da Takardun Bariki: Bin Sawun Zuri'a a Ƙasar Arewa

Duk wanda ya buɗe tsofaffin kundayen mulki na Dogon Dutsi da Tibiri yana neman sunan gidansu, abin da zai fara cin karo da shi shi ne cewa kakanninsa ba su san wani abu wai shi sunan dangi mai bin zuri'a ba. A al'adar Arawa da Gubawa, kamar sauran Hausawa, ana kiran mutum da sunan yankansa, a haɗa da na mahaifinsa idan ana son bambanta shi da wani. A ce Nomau ya haifi Garba, Garba ya haifi Isa, Isa kuma ya haifi Ali. Na farko Garba Nomau ne, na biyu Isa Garba, na uku Ali Isa. Kafin a kai jika na biyu sunan Nomau ya fita daga baki, sai dai a wurin tsofaffi da maroƙa. Ga kuma alkunya, wadda take hana uwa da uba ambaton sunan ɗan fari, har laƙabi ya danne sunan yanka, mutum ya tsufa ya rasu garin duka na kiransa Arzika ko Bawa ko Tanko, alhali liman ya raɗa masa wani suna dabam ranar bakwai.

Abin da ya riƙe asali a wancan zamani shi ne tsaga da kirari da sarauta. Tsagar Arawa, wadda take tashi daga gefen baki zuwa kunne, ta isa shaida a kowace kasuwa daga Kabi har ƙasar Zabarma. Labarin da aka gada kaka da kakanni yana cewa Ari, ɗan sarkin Barno, ya sauka Bagaji, ya auri ƴar Baura, aka haifi Akazama, wanda gidajen sarautar Arewa suke komawa gare shi. Sarauniyar Lugu da Bauran Bagaji kuwa, su ne masu ƙasa tun kafin zuwan Ari. Wannan silsila a ka take, kuma maroƙan fada ne ma'ajinta.

Takarda ta shigo ne da bindiga. A watan Afrilu na 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta bi ta Dallol Mawri, ta yi yaƙi a Lugu, ta bar kufai a bayanta. Shekara guda kafin haka, yarjejeniyar 14 ga Yuni 1898 tsakanin Faransa da Ingila ta zana da'ira mai nisan mil 100 daga Sakkwato, wadda ta jefa babban sashen Arewa a rabon Ingilishi. Sai da aka sake zama a 1904 da 1906 kafin ƙasar ta tabbata a hannun Faransa. A 1906 ɗin ne Sarkin Arewa Koshe ya ɗauke fada daga Matankari ya mai da ita Dogon Dutsi. Tawagar Tilho, wadda ta auna iyakar daga 1906 zuwa 1908, tana da tafinta mai suna Landeroin da ya zauna da dattawa ya rubuta tarihin garuruwa da jerin sarakuna, aka buga shi a Faransa a 1911. Iyakar da suka kafa ta raba dangi gida biyu, wasu a Nijar, wasu a wajen Kangiwa da Argungu, kuma tun daga ranar suna guda ya soma samun rubutu iri biyu.

Wannan batu na rubutu shi ne tarko na farko. Magatakardan bariki yana rubuta abin da kunnensa ya ji da ƙa'idar Faransanci. Shu'aibu ya koma Chaïbou, Yusufu ya koma Issoufou, Nomau ya zama Nomao, Maizumbu ya zama Maïzoumbou. Ƙ da k duk ɗaya ne a wurinsa, haka ɗ da d, sa'an nan h da f na bakin Arewa suna sauya wuri yadda suka ga dama, har a ga Karhé a wannan shafi, Karfé a wancan, alhali mutum guda ake nufi. Sunan gidan sarautar Dogon Dutsi, wanda Sarkin Arewa Soumana Gaoh da Sarkin Arewa Amadou Gaoh suka ɗauka, ana samunsa Gao a wasu littattafai, Gaoh a wasu. Ɗan'uwan da ya ƙetara iyaka ya shiga makaranta a Argungu zai rubuta sunan kakansu da ƙa'idar Ingilishi, jikokin biyu su haɗu a Yamai ko Kano, kowa da takardarsa, ba mai gane ɗan'uwansa sai an koma ga tsofaffi.

Sunan Samna shi ne misalin da ya fi bayyana yadda abin ya gudana. Asalinsa sarauta ce, ta gidan Tibiri. A tsakiyar ƙarni na 19, lokacin da Kabawa suka tayar wa Gwandu a 1849 ƙarƙashin Yakubu Nabame, Samna Ƙarhe na cikin mayaƙan da suka ɗaura ɗamara tare da Kabi da Zabarmawa, kuma zamaninsa ne sunan Tibiri ya kai nesa. A lokacin, Samna mutum ɗaya ne a gari, mai rawani. Ƴaƴansa da ƙannensa kowa da sunansa. Da Faransawa suka yanka ƙasa kanto-kanto, suka buɗe wa kowane sarki takardar bayani mai ɗauke da asalinsa da halinsa da waɗanda za su iya gadonsa, sai sarautar ta manne da sunan mutum a rubuce. Samna Maïzoumbou, ɗan gidan, wanda ya riƙe muƙamin minista a zamanin Diori Hamani, da wannan suna aka san shi a takardun gwamnati. Daga baya ƴaƴa da jikoki suka shiga lakkol da shi, aka rubuta shi a takardun jarrabawa da na aiki, har ya zama sunan da mace da namiji, babba da yaro suke ɗauka. Haka ya faru a Doso da sarautar Zarmakoy, wadda ta zama Djermakoye a sunan Adamou Moumouni Djermakoye da danginsa. Marafa da Mayaƙi da Ɗangaladima duk sun bi wannan hanya.

A nan ne ake bukatar taka-tsantsan, domin ɗaukar suna a takarda bai isa hujjar jini ba. Sananne ne a duk yankin da Faransa ta mallaka cewa a farkon zuwan boko, sa'ad da kwamanda ya nemi sarakuna su ba da ƴaƴansu, da yawa sun ɓoye nasu sun tura ƴaƴan barori da na talakawa. Yaron da aka kai daga fada, ko wanda ya zauna gidan wani mai riƙo a Dogon Dutsi don karatu, sau da yawa da sunan maigidan ake rubuta shi. Akwai kuma akasin haka: ɗan sarki na tsatso wanda bai taɓa zama a aji ba, ya ƙare rayuwarsa a gona, jikokinsa na ɗauke da sunan da ba ya nuna komai. Maganar ba ƙarama ba ce, tun da dokar sarautar gargajiya ta 1993, da wadda ta maye gurbinta a 2015, sun ɗora cancantar neman rawani a kan gado bisa al'ada, kafin masu garuruwa su jefa ƙuri'a. Duk lokacin da gadon sarauta ya faɗi, sai an tono silsila, kuma gardamar da ke tashi a kan wane ne jikan wane tana iya raba zumuncin da ya shekara ɗari.

Ga talaka, kundin lanho shi ne taska. Kwamanda ko mataimakinsa yakan fita rangadin ƙidaya gari-gari, a tara jama'a a gindin itace, a rubuta sunan maigida da na mahaifinsa, da yawan waɗanda suka isa biya, da dabbobinsa. Idan aka jera kundaye biyu ko uku na gari guda, ana iya ganin ranar da gandu ya rabu, ƙane ya fita ya zama maigidan kansa. Amma mutanen da ake ƙirgawa ba su da dalilin faɗin gaskiya. Kowane kai da aka rubuta kuɗi ne, kowane saurayi kuma ana iya ɗaukarsa soja ko aikin tilas, wanda ba a soke shi ba sai a 1946. Saboda haka ana ɓoye samari a rumbu ko a daji, ana rage shekarun ƴan mata. Gidan da ya ɓace daga kundi bayan yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, ko bayan yunwar fara ta 1931, ba lalle ya ƙare ba. Sau da yawa ƙaura ya yi zuwa ƙasar Ingilishi, wani ya dawo bayan shekaru da sabon laƙabi.

Takardar haihuwa ta makara ƙwarai a karkara. Yawancin waɗanda aka haifa kafin samun mulkin kai a 1960 hukuncin alƙali suka samu a madadinta, inda shaidu biyu suke tsayawa, a dubi mutum a ƙiyasta shekarunsa, a rubuta cewa an haife shi wajen shekara kaza. Wanda yake son shiga lakkol sai a rage masa, wanda yake son aiki a ƙara. Jerin sunayen ma bai tsaya wuri ɗaya ba, ko ga manya: shugaban ƙasa daga 1996 zuwa 1999, wanda asalin gidansu Dumega ne, ana rubuta shi Ibrahim Baré Maïnassara, ana kuma rubuta shi Ibrahim Maïnassara Baré. Dokokin rajistar jama'a na 1985 da 2007 da 2019 ne suka matso da cibiyoyin rajista kusa da ƙauyuka.

Mata su ne kundayen suka fi zalunta. Ana ƙirga su a lissafin gida, amma ba kasafai ake damuwa da asalinsu ba, alhali tarihin Arewa kansa daga auren ƴar Baura ya faro, kuma ta wajen uwa ne gidaje da yawa suke haɗuwa da fada. Wanda yake son wannan reshe sai ya zauna gaban gwaggo ko kaka.

Takardun kansu a warwatse suke. Rahotannin rangadi da bayanan kanto na zamanin Turawa suna gidan ajiyar tarihi na ƙasa a Yamai, wasu a Dakar, inda babban gwamnan Afirka ta Yamma ta Faransa ya zauna. Cibiyoyin IRSH da CELHTO a Yamai suna riƙe da abin da aka ɗauko daga bakin dattawa. Marc-Henri Piault ya buga littafinsa kan tarihin Mawri a 1970, Mahamane Karimou ya fitar da nasa kan Mawri masu jin Zabarmanci a 1977, Éliane de Latour kuma ta yi aikinta a kan gidan Samna. Tun 1964 Tibiri da Gesheme da Dumega da Kore Mairuwa suna ƙarƙashin gundumar Dogon Dutsi, sai a 2011 aka ba Tibiri tata gunduma. Don haka ɗan Tibiri mai neman hukuncin haihuwar kakansa, da Dogon Dutsi ya kamata ya fara.