Yadda ake gano ƙwayar cutar Lassa a jini

Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969, yana kama da na cizon sauro. Gwajin jini ne ke raba gardama.

A ɗakin gwaji, na'ura kan juya jinin har ruwansa ya ware. Daga nan sai a zuba sinadarin da ke fasa ƙwayar cutar, domin sinadarin gadonta, wato RNA, ya fito. Yakan manne a matatar silika, a wanke shi, sannan a tatso shi don gwajin PCR.

Sai dai zafi na lalata RNA. Jinin da aka ɗiba a wuri mai nisa kamar Tsaskiya a jihar Katsina, idan bai isa cikin sanyi ba, sakamako na iya nuna babu cutar alhali tana nan.