BAYANI: Kalmomin adabi da na auna fahimta da ɗalibi ke buƙata kafin jarrabawar Turanci

Galibi ɗalibi ba ya samun gurbi a jami'ar Najeriya sai da kiredit biyar daga jarrabawa irin ta WAEC ko NECO, ciki har da Turanci, sannan ya zauna jarrabawar JAMB, inda Turanci yake wajibi kuma yake da tambayoyi 60. Mai son karatun lauya sai ya haɗa da Adabin Turanci. Ƙa'idar ɗaya ce ga ɗan Legas da ɗan Hunkuyi, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Kudan a Jihar Kaduna, wanda Hausa ce harshensa na gida da na kasuwa. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ba ta da nisa da shi, amma faɗuwa wannan darasi ɗaya kan hana shi shigarta.

Sai dai yawancin kalmomin da ke firgita ɗalibai sunaye ne na abubuwan da Bahaushe ya riga ya sani. Masana irin su Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo, mai littafin Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa, sun daɗe da tsara takwarorinsu a nazarin adabin Hausa.

Ginin labari

Jigo, wato theme, shi ne babban saƙon da marubuci ya gina aikinsa a kai. Bauta da raba iyali su ne ginshiƙin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Zubi, wato plot, shi ne yadda al'amura suka biyo juna har labari ya kai ƙarshe. Setting kuwa wuri ne da zamanin da labarin ya faru.

Tauraro shi ne protagonist, wanda labari ke zagayawa a kansa, kamar Okonkwo a Things Fall Apart na Chinua Achebe, wanda ya fito a 1958. Abokin hamayyarsa shi ne antagonist, irin matsayin Malam Zurƙe a gaban Alhaji Imam cikin Ruwan Bagaja na Abubakar Imam. Taƙaddamar da ke tsakaninsu ita ce conflict, ƙololuwarta kuma climax.

Adon harshe

Kamantawa, wato simile, ita ce gwada abu da wani ta amfani da "kamar" ko "tamkar": muryarta zaƙi kamar raken Maƙarfi. Idan aka cire kalmar gwajin aka ce wane zaki ne, an yi siffantawa, wato metaphor. Mutuntarwa, personification, ita ce bai wa abin da ba mutum ba halin mutum: damina ta yi fushi. Kambamawa, hyperbole, zuzutawa ce da ta wuce hankali: taron ya cika har ba masaka tsinke.

Gatse, irony, shi ne faɗin magana ana nufin akasinta, kamar a ce wa yaron da ya fasa tulu sannu da ƙoƙari. Euphemism sassauta lafazi ne, kamar "ya riga mu gidan gaskiya" a madadin ya mutu. Satire kuwa zambo ne da ake yi don fallasa aibin shugabanni ko al'umma. Fitaccen misalinsa shi ne Animal Farm na George Orwell, na 1945, wanda Bala Abdullahi Funtuwa ya mayar Hausa da sunan Gandun Dabbobi.

Auna fahimta

A wannan sashe, inda ake ba da rubutu a yi tambayoyi a kansa, rashin gane umarnin tambaya kan janyo asarar maki fiye da wahalar rubutun kansa. Main idea ita ce manufar sakin layi, sauran jimloli kuma hujjoji ne masu tallafa mata. Infer na nufin a hakaito abin da marubuci bai faɗa ƙarara ba, daga alamun da ya bari. Idan an ce manomi ya dawo daga kasuwar Ikara da kwandunan tumatirinsa cike, mai karatu zai gane cewa ciniki bai yi ba.

Tone shi ne yadda marubuci ya ɗauki abin da yake magana a kai, yabo ne ko ba'a ko takaici; mood kuma shi ne abin da rubutun ya saka a zuciyar mai karatu. Context shi ne muhallin kalma: WAEC kan nemi a kawo kalmar da za ta maye gurbin wata yadda aka yi amfani da ita a wurin, don haka haddar ƙamus kaɗai ba ta wadatarwa. A sashen taƙaitawa, summary, cikakkun jimloli ake so cikin kalmomin ɗalibi, kuma kwafo rubutun yadda yake yana rage maki.

Amfaninsu bayan jarrabawa

Waɗannan kalmomi suna aiki a kan jawabin ɗan siyasa yadda suke aiki a kan littafi. Bambance fact da opinion, wato tabbataccen zance da ra'ayi, shi ne mafi muhimmanci. Cewa Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 abu ne da za a iya tabbatarwa. Cewa matakin alheri ne ko musiba ra'ayi ne, kuma sai an nemi hujjarsa. Hukumar da ta kira ƙarin kuɗi "daidaita farashi" sassauta lafazi ta yi. Ɗan takarar da ya yi alƙawarin kawar da talauci daga mazaɓar Maƙarfi da Kudan cikin wata shida kambamawa ya yi.

Hanya mafi sauƙi ta bita ita ce ɗalibi ya rubuta kowace kalma da takwararta ta Hausa, ya ƙirƙiro mata misali daga bakin mutanen garinsu, sannan ya neme ta a tsoffin tambayoyin jarrabawa da kuma cikin labaran da yake karantawa kullum.