Awo da Inuwa a Fuskar Mutum-mutumin Nok

A 1943 aka kai wa Bernard Fagg, masanin kayan tarihi ɗan Birtaniya, wani kan mutum-mutumi na gasasshen yumɓu da ya fito daga ramin haƙar kuza a ƙasar Jama'a, kusa da Kafanchan. Kafin nan a gonar doya aka kafa shi don tsorata masu ɓarna. Fagg ya ga kamanninsa da wani da aka tono a ƙauyen Nok a 1928, sunan ƙauyen kuma ya bi fasahar baki ɗaya.

Wanda ya taso da ma'aunin Girkawa, girman kan ne zai fara tsone masa ido. A ƙa'idar Polykleitos, maginin mutum-mutumi na Girka a ƙarni na 5 kafin Miladiyya, tsayin mutum kan kai misalin kawuna bakwai. A Nok kuwa kai kaɗai yakan cinye kashi ɗaya cikin uku ko huɗu. Wannan ba rashin iya awo ba ne. Binciken Jami'ar Goethe ta Frankfurt, wanda ya soma a 2005, ya nuna an fara gina siffofin wajen shekara 900 kafin Miladiyya, aka yi ɗaruruwan shekaru ana yi, amma tsarin fuskar bai gushe ba. Kuskure ba ya daɗewa haka. Ƙa'ida ce ake gada, kamar yadda marubucin waƙa ke sauya kalmomi kan karin Rajaz, karin yana nan daram.

Inda ƙa'idar ta fi bayyana shi ne ido: siffar alwatika ko rabin da'ira, gira a sama, ƙwayar a huje. Ana cewa ramukan ido, hanci, baki da kunne na fitar da tururi ne kada yumɓun ya fashe a wuta. Gaskiya ne, amma bai wadatar ba, domin huji a ƙeya ma zai yi wannan aikin. Magini ya zaɓi inda duhu zai taru ya zama baƙin ido. Haske ya sauko daga gefe, kamar na hantsi, sai girar ta jefa inuwa, fuskar ta kafe ka da kallo.

Saboda haka nake ganin gidan tarihin da ya dallare irin wannan fuska da fitila daga gaba ya ɓoye rabin aikin magininta. Daga gefe ya kamata a haska ta, da fitila guda.