Tarihin Ginin da Ke Gina Kansa



Maganarmu ta yau a kan wani irin gini ne wanda ido ba ya gani. Tubalinsa shi ne DNA, wato zaren nan da ke ɗauke da gadon halitta a jikin mai rai. Kaurinsa nanomita 2 ne kacal, nanomita kuwa kashi ɗaya ne idan an raba mita gida biliyan.

A shekarar 1953 Watson da Crick suka bayyana a Ingila cewa DNA zare biyu ne a murɗe kamar igiya, kuma haruffa huɗu gare shi: A tana kama T, C tana kama G. Ke nan duk wanda ya tsara haruffan, ya riga ya zaɓi inda kowane zare zai manne.

Nadrian Seeman, wani masani a Amurka, shi ya fara ɗaukar wannan ƙa'ida a matsayin dabarar gini. A 1982 ya kawo shawarar a saƙa keji da DNA wanda zai riƙe ƙwayoyin furotin a jere, don a binciki siffarsu. A 1991 shi da Junghuei Chen suka haɗa ɗan akwati mai fuska shida.

Sai a 2006 Paul Rothemund ya sauƙaƙa aikin. Ya ɗauki dogon zare mai haruffa kimanin 7,000, ya zuba masa gajeru fiye da 200, ya ɗumama su, ya bari suka huce a hankali. Gajerun suka naɗe dogon, kamar yadda masaƙin tabarma ke sarƙa kaba, siffar da aka tsara ta fito da kanta. A 2009 masana a Denmak suka yi akwati mai murfi, abin da ya ƙarfafa fatan aika magani kai tsaye inda cuta take.

To, a 2006 ɗin nan ne aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero, kusa da 'ya'yan Jega da Maiyama. Sai mu lura: kejin da Seeman ya ambata a 1982 bai samu ba sai a 2009, bayan shekara 27, kuma ya rasu a 2021. Manomin albasa ba ya tonon ta don ganin ko ta ƙosa. Saboda haka ma'aikacin da ke tsara kasafin kuɗin bincike ya yi haƙuri da malami, ɗalibi kuma ya riƙe lissafi da ilmin sinadarai da kyau, domin da su ake wannan saƙa.