Barkwanci Tsakanin 'Yan Sanda da 'Yan Kwana-kwana a Birnin New York: Waiwaye Cikin Tarihi

Kamar yadda Fulani da Barebari suke taɓa juna ba tare da an riƙe abin a zuci ba, haka ake samun wasan barkwanci tsakanin ma'abuta sana'o'i a wasu ƙasashe. Misali a nan shi ne 'yan sanda da 'yan kwana-kwana na birnin New York a Amurka.

An kafa rundunar 'yan sandan birnin a 1845, ta 'yan kwana-kwana masu albashi kuwa a 1865. Tushen gasarsu shi ne aikin ceto, domin kowace runduna tana da sashenta na ceton rayuka. Ɗan sanda yakan ce ana biyan ɗan kwana-kwana ladan barci ne, shi kuma ya rama da cewa ɗan sanda ciki ya sa gaba. Tun 1974 suke karawa a wasan hoki na kan ƙanƙara, kuɗin shiga kuma ya tafi ga ayyukan agaji.

Sai dai wasa yana da iyaka. A harin 11 ga Satumba 2001, kowane ɓangare ya kafa tasa cibiyar ba da umarni, kuma rediyon oba-obansu bai haɗu ba. Saboda haka gargaɗin da jiragen 'yan sanda masu saukar ungulu suka yi kan hasumiyar arewa bai isa kunnen 'yan kwana-kwana ba. A ranar, 'yan kwana-kwana 343 da 'yan sandan birnin 23 suka rasu.

Wannan ya nuna cewa barkwanci yakan ƙulla zumunci ne muddin bai hana abokan wasa jin kiran juna ranar wuya ba.