Muryar Jama'a da Asibitin Sabha

Sabha shi ne babban birnin ƙasar Fazzan, a tsakiyar hamadar Libiya, tsakaninsa da Turabulus kuwa tafiyar fiye da kilomita 700 ce. Hausawa ba baƙin wannan ƙasa ba ne. Tun zamanin ayarin raƙuma fatake sukan tashi daga Kano su bi ta Damagaram da Agadas su shiga Gat, waɗansu har Murzuk. A zamanin mota kuma 'yan ci-rani suna bi ta Agadas da Dirku da Gatrun su sauka Sabha. Wanda ya zaga unguwannin garin, kamar su Gurda da Mahadiyya da Manshiyya da Sukra, ba zai daɗe ba zai ji Hausa a bakin lebura ko mai aikin gona.

A wannan gari ne aka yi shelar wani babban gwaji na tambayar talakawa abin da suke so a yi musu, har da zancen asibiti da taimakon gajiyayyu. Mu'ammar Gaddafi, wanda ya kawar da Sarki Idris ran 1 ga Satumba 1969, ya yi makaranta a Sabha yana saurayi. Nan ya komo ran 2 ga Maris 1977, aka yi shela cewa mulki ya koma hannun jama'a, aka sa wa ƙasar suna Jamahiriyya. Kafin wannan, a jawabinsa na garin Zuwara ran 15 ga Afrilu 1973, ya riga ya kira mutane su kafa kwamitoci su karɓi ragamar makarantu da asibitoci da ma'aikatu. Koren Littafi da ya rubuta bai yarda wani ya wakilci wani ba, so yake kowane baligi ya zo da bakinsa.

Ga yadda tsarin yake a takarda. Kowane yanki yana da majalisar jama'a ta tushe, wadda kowane ɗan ƙasa baligi, namiji ko mace, yake da ikon zama a cikinta. Majalisar takan zauna a lokatai cikin shekara ta tattauna, ta kuma zaɓi kwamitin da zai aikata abin da aka shirya, akwai mai kula da lafiya a ciki, akwai na ilimi, da sauransu. Abin da majalisun ƙasa duka suka yanke sai a kai shi Babbar Majalisar Jama'a ta mai da shi doka. Watau mutumin Sukra yana da wurin da zai miƙe ya ce ɗakin shan maganin unguwarsu ba shi da magani, ko kuwa babu ungozoma da dare. Masu iya magana sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, tsarin kuwa a kan wannan yake tsaye. Duniya ma ta nufi wajen nan a lokacin, gama a watan Satumba 1978 taron Alma Ata ya amince cewa jama'a suna da hakki, kuma wajibi ne a kansu, su sa hannu cikin shirya aikin lafiyarsu.

Lalle an yi aiki a shekarun farko. Dokar lafiya mai lamba 106 ta 1973 ta sa magani ya zama hakkin ɗan ƙasa, dokar tallafin jama'a mai lamba 13 ta 1980 kuma ta shimfiɗa fansho da taimako ga tsofaffi da naƙasassu. Kuɗin man fetur ya gina asibitoci da ɗakunan shan magani har a ƙauyukan hamada, mutuwar jarirai ta ragu ƙwarai. Majalisun ma ba duka wasa ba ne. A kan ƙananan al'amura na gari, kamar ruwa da hanya da asibiti, mutane sukan yi magana da zafi, wani lokaci har su tuɓe sakataren kwamiti.

Amma akwai iyakar da baki ba ya ƙetarewa. Doka mai lamba 71 ta 1972 ta hana kafa jam'iyya, hukuncinta har ya kai kisa. Daga ƙarshen 1977 aka kafa kwamitocin juyin juya hali, waɗanda ba majalisa ce ta zaɓe su ba, aikinsu kuwa su sa ido a kan majalisun. Kuɗin fetur da soja da tsaro suna hannun shugaban da na kusa da shi. Saboda haka mutum yana iya kuka da ma'aikacin da ya makara, amma ba shi da halin tambayar inda kuɗin magani ya shiga. Sa'ad da farashin fetur ya faɗi a 1986, takunkumin Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ya biyo baya a 1992, kayan aiki suka yi ƙaranci, albashi ya tsaya wuri ɗaya. Majalisa takan yanke shawara, shekara ta kewayo a tarar da maganar tana nan inda aka bar ta. Mutane da yawa suka daina zuwa. Mai hali ya ɗauki majiyyacinsa ya nufi Tunisiya ko Masar ko Jodan, wannan tafiya kuwa ita kanta ra'ayi ce, ko da yake ba a rubuta ta cikin littafin taro ba.

Abin da ya faru a Bingazi, can gabashin ƙasar, shi ya nuna wa dukan 'yan Libiya, har da na Fazzan, iyakar jin kukan jama'a. A 1998 aka gane yara fiye da 400 sun kamu da ƙwayar cutar ƙanjamau a asibitin yara na garin. Iyaye suka nemi a gaya musu dalili. Hukuma ta kama nas biyar 'yan Balgeriya da wani likita Bafalasɗine a 1999, aka yanke musu hukuncin kisa a 2004, ko da yake masana irin su Luc Montagnier sun shaida cewa cutar ta fara yaɗuwa tun kafin nas ɗin su zo, rashin tsabtar kayan aiki ne kuma sanadi. Sai a watan Yuli 2007 aka sake su. An ji fushin iyayen, aka nema masa wurin sauka, amma tambayarsu game da asibitin kansa ba ta sami amsa ta gaskiya ba.

A shekara ta 2000 kuma aka rushe ma'aikatar lafiya ta tsakiya, aka ce kowane lardi ya riƙe nasa, domin a kawo iko kusa da jama'a. Lardunan ba su da gwanaye da tsarin sayen magani da zai ɗauki wannan kaya, sai aka komo da ma'aikatar a 2006. Lardi mai nisa kamar Sabha, wanda ya dogara ƙwarai ga likitoci da nas baƙi, irin wannan jeka-ka-dawo bai taimake shi ba.

Mulkin Gaddafi ya faɗi a 2011, majalisun suka tafi tare da shi. Doka mai lamba 59 ta 2012 ta kawo majalisun gari waɗanda ake zaɓe da ƙuri'a, amma kuɗi da ɗaukar ma'aikata suka zauna a Turabulus. Faɗa ya ɓarke a Sabha tsakanin Tubawa da kabilar Aulad Sulaiman a watan Maris 2012, ya sāke tashi a 2014 da 2018. Babban asibitin Sabha, wanda dukan kudu suke dogara gare shi, ya sha samun kansa a bakin wuta, baƙin ma'aikata da yawa suka tafi. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2017 ya nuna wajen ɗaya cikin biyar na ƙananan asibitocin ƙasar a rufe suke. A ƙasar da kunama take kashe yara, akwai lokatan da maganin dafinta ya yanke.

Akwai kuma waɗanda ba tsohon tsari ba sabo da ya taɓa tambayarsu. A unguwar Tayuri ta Sabha akwai Buzaye da Tubawa masu yawa da aka haifa a ƙasar amma takardunsu ba su cika ba. Da aka fito da lambar ɗan ƙasa a 2013, wanda ba shi da ita ya ga ƙofofi suna rufe masa, na albashi da na tallafi. Baƙi 'yan ci-rani kuwa, waɗanda 'yan Nijar suka fi kowa yawa a cikinsu bisa ga ƙidayar hukumar ƙaura ta duniya a wajen 2020, ba su da kujera a wata majalisa. Da yawa tsoron kamu yakan hana su zuwa asibiti sai ciwo ya ci ƙarfinsu. A watan Fabrairu 2020 ƙungiyoyin agaji, ƙarƙashin jagorancin Hukumar Abinci ta Duniya, suka buɗe layin waya na kyauta mai lamba 1404, suka kira shi Tawasul, domin ɗan ƙasa ko baƙo ya buga ya yi tambaya ko ya kai ƙara. Da annobar korona ta zo, wadda ta kama Sabha da ƙarfi tun ƙarshen watan Mayu na shekarar, layin ya zama wurin neman bayanin cutar. Ya yi amfani, sai dai mai ɗaukar waya ba shi ne mai aika likita ba.

Mutanen kudu suka nemi wata hanya da za a ji su. A watan Disamba 2018 wata ƙungiya mai suna Fushin Fazzan ta rufe rijiyoyin fetur na Sharara kusa da Ubari, waɗanda suka fi kowaɗanne girma a ƙasar, tana neman mai da tsaro da kuɗi a banki da gyaran asibitoci. Ba a yi mako biyu ba Firayim Minista Fayiz al-Sarraj ya zo da kansa, ya yi alkawarin dinari biliyan ɗaya domin kudu. A watan Janairu 2024 masu zanga-zanga suka sāke rufe Sharara wajen mako uku, cikin abubuwan da suka nema kuwa har da mai da hanya da gyaran aikin lafiya.